Shekara 14 a Jidda, zuciya na Kano: in dawo ko in ƙara haƙuri?

Wani mai karatu ya rubuto mana daga Jidda yana cewa: "Na bar Kano a 2011. Ina aikin gyaran na'urorin sanyaya wuri a wani kamfani, albashina riyal 5,000. Ina tare da maiɗakina da 'ya'yanmu uku, babbar shekararta 13, duk a nan aka haife su. Kuɗin zaman iyali ya fi ƙarfina, ga mahaifiyata ta tsufa, duk wayar da muka yi sai ta tambaye ni yaushe zan dawo. Shekara 6 ke nan ina tura wa ƙanena kuɗi yana gina mini gida, hotuna kawai nake gani, rabona da gida kuma shekara 5. Raina yana son dawowa, amma ina tsoron kada kuɗin su ƙare in zama abin tausayi, ga yara Larabci ya fi Hausa zama a bakinsu. Me zan yi?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya ƙara wa Hajiya lafiya, Ya sa ka same ta da ƙarfinta.

Shawararmu ita ce ka dawo, amma kada ka yarda a buga maka khuruj niha'i, wato bizar fita ta ƙarshe, sai ka taka Kano ka ga komai da idonka. Saudiyya ba wurin tsufan baƙo ba ce. Haihuwa a can ba ta mai da ɗan baƙo ɗan ƙasa, kuma hukumar inshorar ma'aikata ta GOSI ba ta tara wa baƙo fansho, haɗarin wurin aiki kaɗai ta rufe maka. Duk ranar da kamfani ya ƙi sabunta iqama, wato takardar izinin zama, zaman ya ƙare, ka shirya ko ba ka shirya ba. Tunda dawowar dole ce, gara kai ka zaɓi ranarta. Dubi kuma harajin iyali da aka fara a 2017 da riyal 100 kan kowane mutum a wata, ya hau har 400 a 2020. Mutum huɗu ne a ƙarƙashinka, riyal 1,600 ke nan a wata, 19,200 a shekara. Kusan albashin wata huɗu kake miƙawa duk shekara don kawai iyalinka su kwana kusa da kai. Ƙarin haƙuri a haka ba ajiya yake zama ba.

Sai dai Kanon da ke cikin kanka ba ita za ka tarar ba. Lokacin da ka tafi litar fetur naira 65 ce, dala kuma ba ta kai naira 170 ba. Zuwanka na ƙarshe ya riga manyan sauye-sauyen 2023, shekarar da aka cire tallafin mai a watan Mayu, aka saki naira a watan Yuni. A 2024 dala ta haura naira 1,500. Idan ka canza riyal a kanka za ka ga miliyoyi har ka ji ka zama attajiri, alhali miliyoyin nan a kasuwannin Singa da Dawanau ba su da nauyin da kake zato. Saboda haka wannan dawowa ka ɗauke ta a matsayin hijira ta biyu, ka yi mata shirin da ka yi wa ta farko, ko ma fiye, domin yanzu mutum biyar ne ba kai kaɗai ba.

Ka fara da neman hutu da bizar khuruj wa auda, wato ta fita da dawowa, ka zo ka yi ko da wata ɗaya ne. Idan da hali ka sa zuwan ya faɗo a watan Agusta. Dalilinmu gidan nan ne. Hoto ba ya nuna yoyon rufi, ba ya nuna bangon da ke shan ruwa daga tushe, ba ya nuna cewa fulotin a kan hanyar ruwa yake. Rana ɗaya ta ruwan Agusta za ta gaya maka abin da hotunan shekara 6 ba su gaya maka ba. Ka je washegarin ruwa, ka dubi silin, ka shafa ƙasan bango, ka tambayi maƙwabta inda ruwa yake tsayawa a layin. Ka tambayi yadda ake samun ruwan sha, rijiyar burtsatse ce ko 'yan garuwa, da awa nawa ake samun wuta. Ka ɗauki magini wanda ba shi ya yi aikin ba, ka biya shi ya zagaya ya ƙiyasta maka abin da ya rage: wayarin, famfo, ƙofofi, shadda, filasta. Sau da yawa gidan da ake ce wa mutum "an kusa gamawa" da sauran kuɗi mai yawa a gaba, domin kayan ƙarshe su ne masu tsada.

Abin da ya fi ginin muhimmanci shi ne takarda. Sunan wa ke kan takardar cinikin filin? Sau da yawa ƙane yakan sa sunansa ba da mugun nufi ba, don dai yayan ba ya nan ya sa hannu. Yau kuna lafiya, amma idan ɗayanku ya faɗi, magada takarda za su duba ba hirar waya ba. Ka nemi takardar ciniki ta asali da shaidunta, ka gana da mai unguwa, ka kai lambar filin KANGIS, hukumar rajistar filaye ta Kano, a bincika ko akwai wani mai shi a rajista ko gwamnati ta ware wurin don wani abu, ka kuma tambaya ko an sami izinin gini daga hukumar tsara birane ta KNUPDA. Idan sunan ƙanenka ne, a rubuta takardar mayar maka da mallaka gaban lauya da shaidu kafin ka koma Jidda. Ka yi maganar da taushi, ka fara da godiya da alheri na musamman, domin shekara 6 yana jigila tsakanin masu bulo da leburori, wannan ba ƙaramar hidima ba ce. Idan ka tarar aikin bai kai kuɗin da ka turo ba, kada ka tayar da maganar a gaban Hajiya ko matanku. Ku zauna da wani dattijo guda da kuke jin nauyinsa, a lissafa, a rubuta abin da aka daidaita a kai. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka, don haka babu abin kunya a rubutu tsakanin 'yan'uwa.

Idan ka koma, sai ka juya kan haƙƙinka a kamfani. Dokar ƙwadago ta Saudiyya, sashe na 84, ta ba ma'aikaci kuɗin sallama: rabin albashin wata kan kowace shekara a shekaru biyar na farko, cikakken albashin wata kan kowace shekara bayan haka, a kan albashin ƙarshe. Idan duk shekarun 14 a kamfani ɗaya ka yi su, lissafinka riyal 12,500 na biyar ɗin farko, da 45,000 na taran da suka biyo, jimla 57,500. Wanda ya ajiye aiki da kansa kafin shekara 10 ana rage masa, kai ka wuce wannan. Amma idan ka taɓa sauya kafili, wato kamfanin da iqamarka ke ƙarƙashinsa, lissafin daga ranar shigarka kamfanin yanzu zai fara. Inda ake cutar mutane shi ne a lissafa musu kan tsurar albashi a bar alawus ɗin gida da na mota da ake biya duk wata, alhali suna cikin albashin da doka ta sani. Ka buɗe kwantiraginka a Qiwa, shafin ma'aikatar ƙwadago, ka ga ranar ƙarewarsa da wa'adin sanarwa, ka ba da sanarwar a rubuce cikin lokaci. Kada ka yanke shi a tsakiya, kamfani zai iya neman diyya, kada kuma ka yi shiru ya sabunta kansa. Kuɗin hutun da ba ka ci ba, tikitin komawarka gida, da takardar shaidar aiki, shahadar khibra, duk haƙƙinka ne. Za a miƙo maka mukhalasa, takardar da ke cewa ka karɓi komai. Kada ka sa mata hannu sai ka ga kuɗin a asusunka. Idan aka yi gardama, ka shigar da ƙorafi a ma'aikatar ƙwadago tun kana ƙasar, domin bin haƙƙi daga Kano wahala ce mai yawa.

Ita kanta bizar fita ba ta fitowa idan akwai mota da sunanka ko tarar hanya da ba a biya ba, don haka ka duba Absher, manhajar hidimomin gwamnatin Saudiyya, tun da wuri, ka sayar da motar, a canza suna. Ka biya bashin banki da katin bashi ka karɓi takardar wanke kai, ka rufe kwantiragin haya da wuta da layukan waya. Bayan an buga bizar kwana 60 gare ka ka fita. Ka kwashe kuɗinka kafin lokacin, domin asusun baƙo da iqamarsa yake rayuwa.

Riyal a ɗaure yake da dala, 3.75 kan dala ɗaya, shekara da shekaru bai motsa ba. Naira kuwa ka ga yadda take. Kada ka canza dukiyarka gaba ɗaya rana ɗaya. A zuwanka na Agusta ka yi BVN, ka buɗe asusun dala da sunanka, sannan ka turo ta banki zuwa banki, domin tun farkon 2024 kamfanonin aiko da kuɗi naira suke biya a Najeriya. Idan za ka riƙo a hannu, kwastan na Saudiyya na buƙatar ka bayyana abin da ya kai riyal 60,000, har da gwal ɗin maiɗakinka a ciki, na Najeriya kuma abin da ya haura dala 10,000. Kuɗin sallamarka kaɗai sun wuce dala 15,000. Bayyanawa ba ta sa a karɓe maka ko sisi, ɓoyewa ce ke jawo ƙwace. Kuma kada ka ba wani baƙo kuɗinka a Jidda bisa alkawarin ɗan'uwansa zai biya ka a kasuwar 'yan canji ta Wapa, komai kyan farashin.

Ka raba abin da ka tara kashi uku. Na farko abincin gida da kuɗin makaranta da magani na shekara guda cur, ko ba ka sami ko kwabo ba. Na biyu jari. Na uku ka bar shi a dala, ka manta da shi. Za a zo maka da harkoki iri-iri tun ba ka warware gajiya ba: a sayi adaidaita sahu a ba yaro, a zuba hatsi a ajiye, a haɗa jari a Kwari. Wasu harkokin na gaskiya ne, amma duk wanda bai san kasuwa ba shi ne riba a cikinta. Duk inda aka ce kuɗi za su ninka a wata ɗaya, ka tuna damfarar MMM a 2016 da ta CBEX a 2025. Ka yi wa kanka alkawarin wata shida ba ka zuba jari a abin da ba ka iya ba.

Kai kam ma kana da abin da ya fi jari, sana'a ce a hannunka, a garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40. Asibitoci, otal-otal, bankuna, masu ɗakin sanyi na kifi da kaji, masu ƙanƙara, duk suna neman wanda ya iya aikin da gaske, ba mai ɗura gas kawai ya tafi ba. Kayan aikinka su ne farkon abin da za ka sa a kago: geji, injin zuƙe iska, mita, kayan walda. Ka ƙara koyon haɗa sola da inbata kafin ka taso, domin a nan matsalar na'urar sanyi rabinta matsalar wuta ce, ga ƙarancinta ga hawa da saukarta da ke ƙona kwamfuresa. Ka fara da jingina da wani mai shago na ɗan lokaci ka koyi farashi, da inda ake samun kayan gyara na ƙwarai, da wanda ke biya da wanda ke cewa a dawo gobe. Bayan nan sai ka yi rajistar sunan kasuwancinka a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, domin manyan wurare ba sa ba da aiki sai da takarda da asusun kamfani.

Tunda sana'arka ce ka fi mu sani, amma saboda sauran masu karatu: wutar Saudiyya mai zagaye 60 ce a daƙiƙa, ta Najeriya 50. Firiji, injin wanki da na'urar sanyi da aka ƙera don 60 kaɗai sukan yi sanyin gudu su riƙa zafi a nan. A duba farantin bayan na'ura, idan ba a rubuta 50/60 ba a sayar da ita a can. Mota ma a sayar, kuɗin jirgin ruwa da na kwastan sun isa su cinye ribar.

Yanzu maganar yara, wadda a ganinmu ta fi duk abin da ya gabata nauyi. Ka tattara takardar haihuwar kowannensu ta Ahwal Madaniyya, hukumar rajistar jama'a ta Saudiyya, da fasfo mai sauran wa'adi daga ƙaramin ofishin jakadancinmu na Jidda, da sakamakon makaranta na kowace shekara. A buga musu hatimin ma'aikatar ilimi da ta harkokin waje, a fassara su zuwa Turanci wurin mai fassara mai lasisi. Ka zauna da biro ka gwada takardun ɗaya bayan ɗaya. Suna ɗaya yakan fito Muhammad a nan, Mohammed a can, ranar haihuwa ta Hijiriyya kuma a juya ta zuwa ta Miladiyya a sami saɓanin kwana ɗaya. Wannan ɗan saɓanin shi ne zai tsayar da yarinya ranar rajistar JAMB, domin sai da NIN ake yi, kuma gyaran NIN jeka-ka-dawo ne. Ka zaɓi rubutu ɗaya, wanda ke cikin fasfo, kowace takarda ta bi shi.

Babbar 'yarka ita ce agogonka. A shekara 13 tana da sauran lokacin da za ta kama Turanci kafin WAEC ko NECO, inda jami'a ke neman kiredit biyar har da Turanci. Idan ka ƙara shekara uku, ka makara da ita. A sa mata malamin Turanci tun yanzu, awa ɗaya kullum, a karanta littattafan ƙaramar sakandare na Najeriya da za ka sayo a zuwanka. Idan makaranta ta ce a mayar da ita baya da aji ɗaya, ka yarda, ka kuma fahimtar da ita cewa ba don ta gaza ba ne. Larabcinta kuwa dukiya ce, kada a bari ya zube. Akwai makarantun da ke haɗa boko da Larabci suna rubuta jarrabawar NBAIS, hukumar jarrabawar Larabci da ilimin addinin Musulunci, nan za ta shiga aji tana gaba da kowa a wani fanni, wannan kuma yana riƙe zuciyar yaro a baƙon wuri. A gida a koma Hausa zalla daga yau. A koya musu gaisuwa irin tamu, durƙusawa, "ina kwana", "ina gajiya", da wa ake ce wa Baffa, wa ake ce wa Kawu, wa ake ce wa Gwaggo. Za a yi musu dariyar harshe, za a kira su 'yan Makka. Ka gaya musu tun kafin su ji, kuma ka tuna kai ne kake komawa gida, su barin gida za su yi. Idan ƙaramin ya yi kukan yana son komawa Jidda, kada a tsawata masa.

Shekarar karatu a nan Satumba take farawa, don haka dawowar iyali a Yuli ko Agusta ta fi dacewa, sai dai lokacin ne sauro ya fi yawa. Wannan ba abin wasa ba ne. 'Ya'yanka jikinsu bai taɓa sanin zazzaɓin cizon sauro ba, ku ma iyayen garkuwar da kuka tashi da ita ta yi rauni bayan shekaru. Zazzaɓin da ɗan maƙwabci zai yi kwana biyu ya miƙe, naka zai iya kai shi ga suma. Ku ga likita kafin tasowa kan maganin rigakafi, a yi allurar shawara a karɓi katinta, a sa raga a tagogi, kowa ya kwana cikin gidan sauro mai magani tun daren farko. Duk zafin jiki a je a yi gwaji a ranar, a kuma gaya wa likita cewa yaron bai taɓa zama inda ake wannan cuta ba. Ruwan sha a tafasa ko a tace. Inshorar lafiyar kamfani tana ƙarewa da aikin, saboda haka duk mai shan maganin hawan jini ko suga ya taho da rahoton likita da maganin wata uku, ku kuma yi rajistar inshora a nan da wuri.

Wata dabara da muke ganin ta dace da kai ita ce iyali su riga ka. Su sauka kafin Satumba, kai ka ƙarasa kwantiraginka a ɗakin kamfani ko ƙaramin haya. Harajin nan na 1,600 ya tsaya, kuɗin haya ya ragu, albashi yana shigowa a daidai watannin da kashe kuɗin sabon zama ya fi yawa. Amma da sharaɗi biyu: ka sa wa abin wa'adi, kada ya wuce shekara, kuma maiɗakinka ta yarda da zuciya ɗaya. A wasiƙarka ba ka faɗi ra'ayinta ba. Shekaru tana riƙe da gidanta ita kaɗai, babu mai leƙa tukunyarta. Idan ka sauke ta a tsakar gidan gado da yara uku kai kana nesa, ƙananan maganganu za su taru su zama babba. Ko ɗaki biyu ne aka gama a sabon gidan, a sa ƙofa da ruwa ta shiga nata, ko a kama haya kusa da Hajiya. Ka tambaye ta abin da take tsoro, ka saurara har ta gama.

Su kuma dangi, za su zo, kuma haƙƙinsu ne su zo. Ka ware kuɗin tsaraba tun daga Jidda, dabino, turare, jallabiya, darduma, ka rubuta sunaye don kada ka manta da gwaggon da ta yi renonka. Ka ware wani adadi na taimako duk wata, idan ya ƙare ka ce "Allah Ya hore, sai wata mai zuwa", ba tare da ɓata fuska ba. Kada ka faɗa wa kowa jimlar abin da ka dawo da shi. Waɗanda kake tura wa kuɗi duk wata kuwa ka sanar da su tun wata shida kafin ka taso cewa abin zai tsaya, kada su ji a sama. Ka kuma kame bakinka daga "a Saudiyya ba haka ake yi ba". Waɗanda ka bari sun sha wahalar da ba ka sha ba, sun yi jana'izar da ba ka halarta ba. Makonninka na farko ka kashe su a zagayen gaisuwa da ta'aziyyar duk wanda ya rasu ba ka nan, gida gida, da ƙafarka. Daga waɗannan zaurukan ne ma aikinka na farko zai fito.

Hajiya kuwa kada ka bar ta da "ina nan tafe". Idan kun yi waya a wannan makon, ka gaya mata watan da za ka zo dubawa, da watan da jikokinta za su sauka. A zuwan naka ka kai ta asibiti da kanka a auna jininta da idonta, ka kwana a gidan ko da dare uku ne kafin ka shiga zirga-zirgar fili da banki.